Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga basussuka huɗu: wanne ake fara biya?

Baban Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san lissafin bashi da kasafin gida. Zan sa kuɗin shiga a matsayin 100,000 a wata don lissafi ya zo da sauƙi, kowa sai ya auna da kuɗin ƙasarsu.

A ce magidanci ne mai mata da yara biyu, albashinsa 100,000. Haya 15,000 a wata, cefane 38,000, kuɗin mota zuwa wurin aiki 10,000, wuta da ruwa da makamashin girki 8,000, kati da data 3,000. Ana kuma binsa bashi ta fuska huɗu. Banki na binsa ragowar 90,000, ruwan kashi 3 cikin ɗari a wata, ana cirar 12,000 daga albashinsa. Manhajar rance ta waya na binsa 20,000, ruwan kashi 15 cikin ɗari duk kwana 30, kuma 3,000 ɗin ruwan kaɗai yake iya biya a ɗaga masa wa'adi. Wani ɗan'uwansa na binsa 40,000, babu ruwa, babu ranar biya. Sai mai gida da ke binsa hayar wata biyu, 30,000.

In aka haɗa abin da ke fita, 89,000 ne, ya kamata a ce saura 11,000 a hannu. Amma kafin 20 ga wata aljihu ya bushe. Ina 11,000 ɗin ke shiga? Wanne bashi ya kamata a fara kashewa? Wasu kuma na cewa a ciwo babban rance guda a biya kowa a huta. Shin wannan dabara ce?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, 11,000 ɗin nan tun asali babu su. Abin da ka lissafa shi ne abin da ake biya duk wata, ka bar waɗanda ke zuwa jefi-jefi, alhali su ne masu karya kasafi. Akwai yara biyu amma ban ga kuɗin makaranta ba. A ce 24,000 ake biya duk zango, sau uku a shekara, ya zama 72,000, in ka raba gida 12 ya ba ka 6,000 a wata. Saura 5,000. Yanzu sa magani, da takalman yara, da gyaran waya in ta faɗi, da famfon da ya lalace. Ka ga sun tafi. Abin da ke faruwa shi ne, a watan da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sai a ga kamar akwai rara, a kashe. Watan da suka haɗu kuma sai a ruga wurin manhaja.

Hanyar gano adadin ba ta da wuya. Ya karɓi bayanin asusunsa na wata 12 da suka wuce, ya sa alama a kan duk kuɗin da ya fita wanda ba na wata-wata ba ne, ya ƙara da waɗanda ya tuna an biya hannu da hannu, ya haɗa, ya raba gida 12. Abin da ya fito sai ya zama layi guda a kasafi, kamar haya, a ware shi ranar albashi a wani asusu daban wanda ba shi da katin cirar kuɗi.

Kada ya ɓata lokaci a kan tsarin 50/30/20, wanda Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta suka yaɗa a 2005, wato rabi ga buƙatun dole, kashi 30 ga abin marmari, kashi 20 ga ajiya da biyan bashi. Wannan gidan buƙatunsa na dole sun kai kashi 85 kafin a taɓa bashi, tsarin bai da wurin zama.

Maganar wanne za a fara biya kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne duba girman bashi. A dubi abin da yake ci duk wata. Na banki 90,000 ne, ruwansa na wannan watan 2,700. Na manhaja 20,000 ne kacal, ruwansa 3,000. Ƙaramin ya fi babban ci. Sannan a 12,000 ɗin banki, 9,300 na rage uwar kuɗi, don haka a wata na 9 zai ƙare da kansa. Shi kuwa 3,000 ɗin manhaja ko sisi ba ya taɓa uwar kuɗi. Bayan wata 7 an biya 21,000, fiye da abin da aka ranta, kuma har yanzu 20,000 na nan zaune. In kuma aka daina biya ruwa ya riƙa hawa kan ruwa, ga ma'auni mai sauƙi: raba 72 da adadin ruwan, zai nuna maka kusan lokacin da bashi zai ninka. Kashi 3 a wata, wata 24. Kashi 15 a wata, wata 5.

Amma kafin tsada akwai abin da ya fi ta, wato me zai faru in ba a biya ba. Rashin biyan haya na iya kai iyali titi, kuma neman sabon ɗaki ya fi 30,000 tsada nesa ba kusa ba. Don haka hayar wata mai ci a biya ta cif ranar albashi, a ɗora wani abu ko kaɗan ne a kan tsohuwar. Banki yana cirar nasa da kansa. Duk abin da aka iya tatsowa bayan haka, a kan manhaja zai sauka. In ana ƙara 4,500 a kan 3,000 ɗin, ya zama 7,500, ragowar za ta sauko 15,500, sai 10,325, sai kimanin 4,370, a wata na huɗu a rufe da kusan 5,030. Jimillar ruwa kimanin 7,500, maimakon 27,000 da za a zubar in aka yi ta ɗaga wa'adi har wata 9 ana jiran na banki ya ƙare.

Uwargida:

Malam Akawu ya gama da lissafin takarda, bari in taɓa na cikin gida, don a nan ne ake faɗuwa.

Baban Biyu, shin matar gidan ta san adadin basussukan nan? In ba ta sani ba, daga nan za a fara. Ita ke riƙe da 38,000 da kusan duk 8,000 ɗin makamashi, kusan rabin albashi ke nan. In aka rage mata kuɗin cefane ba bayani, za ta ɗauka rowa ce ko wulaƙanci, kuma ba laifinta ba ne. In kuwa aka buɗe mata takardar ta ga 3,000 na tafiya a banza duk wata, ita za ta nuna inda za a tsuke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dalilin bushewar aljihu ranar 20 kuma, yawanci kuɗin a dunƙule suke wuri ɗaya. Makon farko ana ganin su da yawa, hannu ya sake. A raba kuɗin cefane mako-mako, ko a ambulan ko a ƙananan asusu, ba a buɗe na mako mai zuwa sai ranarsa. Sai dai a kula, wata ba mako huɗu ba ne. Mako 52 a raba wa wata 12, kowane wata na da mako huɗu da sulusi. Wanda ya raba 38,000 gida huɗu ya ba kowane mako 9,500, zai tarar da kwana biyu ko uku a ƙarshe babu ko kwabo, kuma a waɗannan kwanakin ne ake cin bashi. A raba da kwanakin wata: kusan 1,270 a rana, kimanin 8,850 a mako, ragowar a ambulan na biyar.

In ana sayen abin da ba ya lalacewa a dunƙule farkon wata, wanda ya fi sauƙi a kan saye ɗan kaɗan kullum, to a fara cire kuɗinsa sannan a raba sauran. Amma sari yana da nasa tarko: abin da ke jibge a gida ana ɗibarsa ba awo, sai na kwana 30 ya ƙare a 22. A sami gwangwani ɗaya na awo, a san sau nawa ake ɗiba a rana, a auna na mako a zuba a wani mazubi, a ɗaure sauran a ɗaga. Abin da ke ruɓewa kuwa kada a sara, arahar ta koma kwandon shara.

A yi kwana 30 ana rubuta duk abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa, a lokacin da aka kashe shi, ba da dare ba, don da dare an manta rabi. Ƙaramin littafi ɗaya a aljihun maigida, ɗaya a kicin. Abin da kan fito fili shi ne ƙananan abubuwa masu maimaituwa: data da ake saye ta kullum maimakon ta wata, cajin cirar kuɗi kaɗan-kaɗan sau goma, sabunta wani tsari a waya da aka manta an taɓa shiga, abin taɓawa a wurin aiki.

Ina roƙo kada a yanke abinci da yawa. Rage kashi 5 cikin ɗari daga cefane da mota da makamashi, wato 56,000, ya ba da 2,800. A rage 1,200 daga kati da data, an sami 4,000. Wannan gida zai iya ɗauka har wata shida. Wanda ya ce zai zabge kashi ɗaya bisa huɗu na cefane, sati biyu zai yi ya karye, in ma yara ba su kwanta ciwo an kashe fiye da haka a asibiti ba.

Mai Alƙalami:

Ni kan maganar ciwo babban rance a biya kowa zan tsaya. A wannan yanayin ban ga alfanunsa ba.

Jimillar bashin 180,000 ne, amma 70,000 daga ciki, na ɗan'uwa da na mai gida, ba su da ruwa. Duk wanda ya ranto 180,000 ya biya kowa, ya mai da bashi marar ruwa mai ruwa da hannunsa. Ko a kashi 3 ne, 70,000 ɗin nan za su ci 2,100 a watan farko. In har za a ranto, to daidai na manhaja kawai, 23,000 da ruwansa, daga wurin da ruwansa bai kai rabin nata ba.

Sannan "kashi 3 a wata" iri biyu ne, kuma ba kowane mai ba da rance ke faɗa ba sai an tambaya. Akwai wanda ake lissafawa a kan ragowar bashi, yana raguwa yayin da kake biya. Akwai wanda ake lissafawa a kan uwar kuɗin farko har ƙarshe, kamar ba ka biya komai ba. Ɗauki 120,000 na wata 12. A kan ragowa, za ka riƙa biyan kusan 12,050 a wata, ruwa gaba ɗaya kimanin 24,700. A kan uwar kuɗin farko, 13,600 a wata, ruwa 43,200. Suna ɗaya, amma na biyun daidai yake da kusan kashi 5 a kan ragowa. Akwai kuma kuɗin da ake zarewa tun kafin a miƙa maka. Ka sa hannu a kan 20,000, a ba ka 18,000, a ce 2,000 na cike takarda ne. Wannan kashi 11 ne na abin da ya shigo hannunka, kafin a fara maganar ruwa.

Saboda haka tambaya uku ake yi, a rubuce: nawa zai shigo hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya, kuma in na biya kafin lokaci za a rage mini ruwa ko za a ci ni tara? Wanda ya yi ta kwana-kwana bai ba da amsa ba, a bar masa kuɗinsa. Kuma kada a jinginar da gida, ko fili, ko abin sana'a don a biya bashin da tun farko ba shi da jingina. A da in an gaza suna ne zai ɓaci, yanzu kuwa dukiya ce za ta salwanta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi kayar da mutane. Da zarar an biya manhaja, sai ta turo saƙo cewa an ƙara maka adadin da za ka iya ranta. In tana nan a waya, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi za a danna. A karɓi shaidar an gama biya, a ɗauki hotonta, a nemi rufe asusun, a goge manhajar. Tun yanzu ma ya shiga saitin waya ya janye mata izinin ganin lambobin mutane da hotuna. Daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store neman waɗannan izini, kuma ƙa'idarsa ba ta yarda da rancen da ake tilasta biyansa duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Manhajar da ke yin ɗayan biyun, akwai maɓallin kai ƙorafi a shafinta, kuma ana iya kai ƙara ga hukumar da ke kula da masu ba da rance a ƙasar da mutum yake.

Baban Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Akawu, inda na tsaya shi ne: tunda babu rara, 4,000 ɗin da Uwargida ta tatso ba za su isa manhaja da mai gida a lokaci guda ba. Ina 4,500 za su fito? In kuma manhajar ta ce ba ta karɓar biya kashi-kashi fa?

Tsohon Akawu:

Daga banki za su fito. Ya je tun bai saɓa biya ko sau ɗaya ba, don wanda bai taɓa fashi ba shi aka fi saurara. Ya tafi da takardar kasafinsa, ya nemi a shimfiɗa ragowar 90,000 a kan wata 15 maimakon 9. A ruwan kashi 3, biyan wata zai sauko daga 12,000 zuwa kusan 7,500. Ga 4,500 ɗinka. Ba kyauta ba ne: ruwan banki zai tashi daga kimanin 13,500 zuwa 23,000, ƙarin 9,500. Amma a ɓangaren manhaja an tsira da kusan 19,500, don haka da riba. Sharaɗi biyu ne. Ya tambayi ko akwai kuɗin sake tsari, in ya haura 'yan dubbai ribar ta ragu. Ya kuma tabbatar an yarda ya ƙara biya daga baya ba tara, don ba sai ya cika wata 15 ɗin ba.

In manhaja ta ƙi karɓar rabi, sai a tara 4,500 a gefe ana biyan 3,000, amma wannan zai kai wata biyar, kuma ruwa zai kai 15,000. A nan gara a sayar da wani abu. Kayan da ke ajiye ba a mora, tsohuwar waya, na'urar da ba a kunnawa, in za su kawo 20,000 a rabu da su. Ko an faɗi 4,000 a cinikin, wata ɗaya da 'yan kwanaki na ruwan manhaja ne. Banda abin da ake neman abinci da shi, kamar keken ɗinki ko abin hawa zuwa aiki.

4,000 ɗin Uwargida kuwa, ni a ganina 2,000 ga mai gida, sauran 2,000 ma a ɗora wa manhaja ta mutu da wuri. Bayan wata huɗu tsohuwar haya ta sauko 22,000. Ko da ba a ɗora wa manhaja wannan ƙarin ba, daga wata na biyar 7,500 ɗinta sun 'yantu: 5,500 su haɗu da 2,000 na mai gida, a wata na bakwai an gama da shi, 2,000 kuma su fara tafiya wurin ɗan'uwa. Daga wata na takwas sai a koma wa banki da ƙarfi. Kuɗin da bashi ya saki kada ya kwana a asusun cefane, a tura shi ranar albashi, in ba haka ba zai narke ba a san inda ya shiga ba.

Uwargida:

Malam, a kan 2,000 na biyun nan ban bi ka ba. A lissafi kai ne da gaskiya, amma gidan da ba shi da ko sisi a gefe, ƙaramar larura ɗaya za ta mai da shi wurin manhajar da ake gudu. Gara 2,000 ɗin su taru, wata biyar sun zama 10,000, a tsaya a nan. Abin da za a yi asara a ruwa kimanin 1,600 ne kawai, kuma ya fi sauƙi a kan sabon rance mai kashi 15. A rubuta a jikin ambulan ɗin abin da ya halatta a buɗe shi: ciwo, ko lalacewar abin da aiki ba zai yiwu ba sai da shi. Baƙi ko sha'awar sabon kaya ba sa ciki.

Sai ɗan'uwan nan mai 40,000, kada rashin ruwa ya sa a manta da shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ya san da haka, abin da ke ɓata zumunci shi ne shiru da kauce wa haɗuwa. A same shi yanzu, ba sai wata na biyar ba, a ce masa: "Yaya, kuɗinka na raina. Daga wata kaza zan fara ba ka 2,000 duk wata, daga wata kaza in ƙara." A faɗi abin da za a iya ko a watan da ya fi kowanne tsanani, don alkawarin 10,000 da aka saɓa ya fi 2,000 da aka cika ɓata rai. A kuma tambaye shi ko akwai lokacin da shi ma zai buƙaci kuɗin, kada a zo a tsaya masa a wuya.

Haka mai gida. Kada a jira ya ƙwanƙwasa ƙofa. A je masa da hayar wata cikakkiya da 2,000 a hannu, a rubuta a takarda cewa tsohon bashi 30,000 ne, za a riƙa rage shi da kaza ranar kaza, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Duk biyan da aka yi a karɓi rasit mai nuna na wane wata ne, domin in ba a rubuta ba, wasu kan lissafa sabon biya a kan tsohon bashi, sai a wayi gari takarda na nuna hayar wata mai ci ce ba a biya ba.